Hawala a Cikin Risala: Inda Taƙaitawa Ta Bar Giɓi

Ibnu Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu a 386 bayan Hijira) ya dunƙule hukuncin hawala cikin 'yan kalmomi a Risala. Idan wanda ake bi bashi ya tura mai binsa ga wani da shi ma yake bi, mai bin kuma ya yarda, na farkon ya kuɓuta ko da na biyun ya tsiyace, sai fa in ya yi yaudara. Malamin ya kyauta da ya raba hawala da lamuni: in babu bashi a wuyan na biyun, lamuni ne kawai.

Sai dai bai fayyace yaudarar ba, har ɗalibi yana iya zaton sai an furta ƙarya. Halil ne ya cike giɓin a Muhtasar: ya isa mai turawa ya san tsiyacewar alhali mai bin bai sani ba. Ashe shiru ma yaudara ne.

Hanafawa sun yarda a koma kan na farko idan na biyu ya mutu bai bar komai ba, Malikawa kuwa ba su yarda ba. Saboda haka karantar da wannan mas'ala ga 'yan kasuwa ba tare da bayanin Halil ba yana iya salwantar da haƙƙin mai dukiya.