Takwara a Cikin Kwamfuta

A ɗakin bincike na kimiyya, ba abin da ke tayar da hankali kamar manhajar da ta yi aiki lafiya lau jiya, yau kuma ta ƙi ko buɗewa. Mai bincike ya shafe watanni yana tace alƙalumansa da R ko da ROOT, manhajar da masana kimiyyar ƙwayar zarra suka fara ginawa a cibiyar CERN kusa da Janiba a tsakiyar shekarun 1990. Sai ya buƙaci ɗebo bayanai daga wani rumbu, ya ɗora direban da zai haɗa shi da rumbun. Rumbu ya buɗe, manhajar nazari ta mutu. A nan ake neman gwanin da nake son yabawa.

Yawancinmu abin da za mu yi shi ne mu goge komai mu sake ɗorawa. Gwani ba ya taɓa komai tukuna. Kujera yake jawowa ya tambaya: "Me aka saka tsakanin jiya da yau?" Ya san ruwa ba ya tsami banza.

Direban rumbun bayanai tafinta ne. Manhaja tana magana da harshenta, rumbu kamar PostgreSQL ko Oracle yana da nasa, direba ke shiga tsakani. Tun 1992 aka fito da tsarin ODBC domin tafintocin su bi ƙa'ida ɗaya. Sai dai tafinta ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da 'yan rakiya, wato ƙananan fayilolin da ake kira laburare, waɗanda manhajoji da yawa ke aron aiki a wurinsu: wannan na ɓoye sirrin saƙo, wancan na matse fayil, wani na lissafi.

Ga inda gizo ke saƙa. Manhaja ba ta cika riƙe adireshin laburarenta ba, sunansa kawai take kira. Kamar ka aiki yaro ya kira maka Musa ne, alhali Musa biyu ne a unguwar. Yaro zai bi gidaje a jere, Musan da ya fara tararwa shi zai kawo. A Linux, LD_LIBRARY_PATH yana cikin abubuwan da ke tsara jerin gidajen, kuma ana duba shi kafin manyan ma'ajiyoyin tsarin. A Windows kuwa PATH na taka irin wannan rawa. Idan wajen ɗora direba aka sa gidansa a farkon jeri, to manhajar nazari za ta kira Musanta, takwaransa ya amsa. Suna ɗaya, zamani daban, abin da ya iya ma daban.

Gwanintar mutumin nan ita ce gano wane Musa ya amsa. Yana karanta saƙon kuskure har ƙarshe, abin da mutane da yawa ba sa yi. In ya ga an ce ba a sami wani GLIBCXX ba, nan take ya gane tsohon laburaren libstdc++ ne ya shiga gaban sabo. Sai ya buga umarnin ldd, wanda ke jero kowane laburare da ainihin wurin da za a ɗauko shi. Idonsa na bin layukan a hankali har ya tsaya kan wanda ya fito daga gidan baƙo. In abin ya ɓuya, ya kunna LD_DEBUG ko strace, ya bi sawun manhajar ƙofa bayan ƙofa. A Windows, Process Monitor ke yi masa wannan aikin.

Akwai tarkunan da sai wanda ya taɓa faɗawa ke sani. Manhaja mai bit 64 ba ta iya amfani da direba mai bit 32. A Windows kuma fayil biyu ne ke ɗauke da sunan odbcad32.exe: na cikin System32 shi ne na bit 64, na cikin SysWOW64 shi ne na bit 32. Sunayen kansu na ɓatar da mutum. Wanda bai san haka ba sai ya wuni yana gyara saitin da manhajarsa ba ta ma gani.

Yadda yake gyaran ma abin kallo ne. Abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani. Ba ya korar direba, domin ana buƙatarsa. Raba gida yake yi: ya cire saitin jerin gidajen daga inda yake shafar kowa, ya mayar da shi cikin ɗan gajeren rubutun da ke tayar da manhajar da ke buƙatarsa kaɗai. In rigimar ta yi yawa, ya ware wa kowace manhaja muhallinta da conda, ko ya kulle ta a akwatin Docker, wanda ya fito a 2013. Sau da yawa duk gyaran bai wuce layi ɗaya ba, bayan awa uku na bin sawu.

Amma abin da ya fi burge ni yana zuwa ne bayan manhaja ta buɗe, kowa na murna. Gwani bai tashi ba. Sai ya ce a kawo wani tsohon nazari da aka san sakamakonsa, a sake gudanar da shi, a kwatanta alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Ya san manhajar da ta mutu ta yi maka adalci, domin ta faɗa maka akwai matsala. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta buɗe lafiya, takwara na ciki yana lissafi, ba wanda ya lura. Sai alƙaluman yau sun yi daidai da na jiya sannan yake mayar da kujerar inda ya ɗauko ta.