Ƙiyayya ko Ƙyama? Sharhi kan Fassarar "Misanthrope"

Ingilishi ya aro ɗafa-goshin miso- daga kalmar Girkanci misos, wato ƙiyayya, ya gina kalmomi irin su misogyny, ƙin mata, da misanthrope. Mai fassara kan yi saurin mayar da ta biyun "maƙiyin bil'adama". A nan gizo ke saƙa. Ɗalibi a Birnin Gwari, wanda ya san harin ƙauyen Gwaska na 2018, in ya ji haka, 'yan bindigar dajin Kamuku zai tuna, masu farautar mutane. Alhali kuwa Alceste, na wasan Molière mai wannan suna na 1666, bai zub da jinin kowa ba. Munafuncin jama'a ne ya ishe shi, ya nemi ƙaurace musu. Saboda haka "mai ƙyamar jama'a" ya fi dacewa. Tushen kalma daban, ma'anarta daban.