Biram, kora da haɗarin yawan makaɗa

Abin kiɗa mai tsirkiya da ake taɓawa da yatsu muryarsa siririya ce, kuma duk wanda ya fito da shi dandali tare da wasu makaɗa sai ya yi shawarar wanda zai sassauta. Masu kiɗan jaz na Amurka sun daɗe da wannan matsala. Dorothy Ashby a faifanta Afro-Harping na 1968, da Alice Coltrane a Journey in Satchidananda na 1971, sun ɗauko babbar garayar Turawa mai tsirkiya 47 daga bayan rukunin makaɗa, suka sa ta gaba tana jan ragama.

A nan Afirka ta Yamma akwai faifai biyu da suka isa abin nazari. A 2008 Toumani Diabaté na Mali ya kaɗa kora mai tsirkiya 21 tare da London Symphony Orchestra a zauren Barbican na Landan, aka fitar da kiɗan a 2021 da sunan Kôrôlén. Aikin yana da kyau, amma yana da aibi. Makaɗan Turai rubutaccen kiɗa suke bi, shi kuwa mai kora ya saba tsawaita zance ko ya taƙaita shi yadda zuciyarsa ta ba shi. Inda gogunan Turawa suka ja baya, kora tana magana sarai. Inda suka taso gaba ɗaya kuwa, sai ta koma ado a jikin rigar wani.

Malam Maman Barka ya bi wata hanya. Malamin makaranta ne, kuma gwanin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi tafkin Cadi wajen Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, abin kiɗan Buduma masunta mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. A faifansa na 2009, Introducing Mamane Barka, bai tara jama'a ba. Umaru Adamu ne ya raka shi da duma da kalangu da ƙwarya. Kalangu yana bugawa ya bar sarari, biram ta shiga sararin ta yi nata. Wannan amsa-amo tsakanin mutum biyu ya fi kusa da ruhin jaz fiye da taron makaɗa masu yawa.

Sai dai faifai ba ya haihuwa. Maman Barka ya rasu a 2018, Toumani a 2024. Kora tana da gidaje da magada, ɗansa Sidiki yana kaɗawa. Biram ba ta da irin wannan gata, domin an fi ɗokin kai ta bukukuwan ƙetare fiye da zaunar da almajirai a gabanta.

Nan ne zancen ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu na Madawa, Buza da Keita. Masu gurmi da molo da goge na Adar suna tsufa. Gayyatar su ranar biki, a jingina su da jita da lasifika, ba ta raya sana'arsu. Abin da zai raya ta shi ne a ba makaɗi ɗaki da ƴan makaranta kowane mako, a naɗi muryarsa shi kaɗai kafin a haɗa shi da kowa. Wanda bai san muryar gurmi ita kaɗai ba, ba zai gane ranar da aka danne ta ba.