Kunnen Quincy Jones

A 1954 wani marubucin waƙoƙi ɗan Amurka, Bart Howard, ya rubuta wata waƙar soyayya mai sanyi, mai taku uku-uku irin na rawar da Turawa ke yi biyu-biyu suna zagaye ɗaki. Kaye Ballard ce ta fara rera ta a faifai, daga nan mawaƙa da dama suka yi ta ɗauka suna ajiyewa. Bayan shekara goma, Frank Sinatra zai shiga situdiyo tare da ƙungiyar Count Basie, sai aka danƙa shirya kiɗan a hannun wani matashi mai shekara 31. Matashin bai ƙara wa waƙar ko baiti ɗaya ba. Ya dai ɗora ta a kan taku huɗu-huɗu mai rangaji. Ya sa mai ganga ya buɗe ta a hankali kamar mai shara, ya bar muryar Sinatra ta shigo fili fetal, sarewa na bin bayanta tana amsa mata. Masu busa ƙahonin tagulla kuwa, waɗanda su ne ƙarfin ƙungiyar Basie, ya ɗaure su, bai sake su da gaske ba sai da waƙa ta kai tsakiya, inda suka faso gaba ɗaya. A ƙarshe kowa ya kauce, Basie ya ɗan taɓa piyano, Sinatra ya rufe.

Waƙar ita ce “Fly Me to the Moon”, kuma wannan zubi na 1964 shi ne duniya ta riƙe, har 'yan sama jannatin Apollo 10 suka tafi da shi a kaset lokacin da suka kewaya wata a 1969. Matashin shi ne Quincy Jones, wanda ya rasu a Los Angeles ranar 3 ga Nuwamba 2024 yana da shekara 91.

Aikin nan da ya yi shi ake kira tsara kiɗa, kuma sana'a ce da ba ta cika jawo wa mai ita tafi ba. Wani ya ƙago karin waƙa, wani zai rera. Tsakaninsu akwai mutumin da zai zauna da takarda da fensir ya yanke shawara a kan abubuwa da yawa: a wane matakin murya za a ɗauki waƙar don kada ta shaƙe mawaƙi ko ta nutsar da shi, da wane irin sauri za ta tafi, wane kayan kiɗa zai fara, wane zai jira, su wa za su haɗu su ba da amo ɗaya. Ƙungiya irin ta Basie tana da mutum goma sha wani abu, kuma kowanne sai an rubuta masa nasa rabon a takardarsa daban. Mai tsarawa yana jin su duka a kansa tun kafin a hura ƙaho ko ɗaya. Idan ya yi kuskure, ba zai sani ba sai mutane sun taru, kuɗin situdiyo na tafiya.

Wanda ya taɓa nutsuwa ya saurari Mamman Shata ya san wani abu daga cikin wannan ilimi. Kalangu ya san lokacin da zai lafa don magana ta fito, 'yan amshi sun san inda za su cafe, kuma ɗan shirun da ake bari kafin a koma kan amshi yana cikin abin da ke sa tsigar jiki ta tashi. Su a can, shekarun zama tare ne ya dasa wannan a jikinsu. Shi mai tsara kiɗa irin Quincy, dole ya samar da wannan fahimtar a rubuce, ga mutanen da wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba sai safiyar ranar.

An haife shi a Shikago a 1933, iyalinsu suka koma yankin Seattle yana yaro. A nan, yana ɗan shekara 14, ya haɗu da wani makaho da ya ɗan girme shi, Ray Charles, wanda ya fara nuna masa yadda ake jera muryoyin ƙahoni su zauna a kan juna. Ya yi ɗan karatu a makarantar kiɗa ta Boston wadda yanzu ake kira Berklee, ya bar ta ya bi ƙungiyar Lionel Hampton yana busa turampet. A 1956 shi ne daraktan kiɗa na ƙungiyar Dizzy Gillespie a rangadin da ta yi Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka. Mai irin wannan suna zai iya cewa ya gama koyo. Shi kuwa a 1957 sai ya tattara ya tafi Faris, ya durƙusa gaban Nadia Boulanger, dattijuwar da ta koyar da manyan mawallafan kiɗa irin su Aaron Copland. Abin da ya kai shi a fili yake: a Amurka ta lokacin, baƙar fata ba a cika ba shi damar rubuta wa masu kiɗan goge ba, an ɗauka iyakarsa ƙaho da ganga.

Har tsufansa bai daina maimaita abin da wannan malama ta koya masa ba. Ta nuna masa cewa sautukan da duk kiɗan Turai ke juyawa a kansu 12 ne kacal, su ne Bach ya yi aiki da su, su ne mai kiɗan jaz ke aiki da su, don haka sai ya je ya binciki abin da kowa ya yi da su. Ta kuma koya masa cewa 'yanci a kiɗa yana zuwa ne bayan mutum ya gindaya wa kansa iyaka. Na biyun nan ne, a ganina, ya bi aikinsa har ƙarshe. Wanda aka ce masa yi duk abin da kake so yakan cika waƙa da tarkace. Wanda aka ce masa ga minti uku, ga murya ɗaya, ga ƙahoni huɗu, dole ya zaɓa, kuma a wajen zaɓen ake gane gwani.

Akwai darasin da babu malamin da ya koya masa. A ƙarshen 1959 ya kwashi babbar ƙungiya zuwa Turai don wani wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, wasan ya rushe, ya nace da yawo da mutanen gari-gari har bashi ya yi masa katutu. Irving Green na kamfanin Mercury ne ya tsamo shi, ya ba shi rance da aiki. Daga baya yakan ce a nan ya gane kiɗa daban, kasuwar kiɗa daban. A wannan kamfani ya fitar da “It's My Party” ta Lesley Gore a 1963, waƙar 'yan mata matasa wadda ta hau kan gaba a Amurka, abokansa na jaz suna ta taɓe baki.

Yawancin mutanenmu ta hanyar Michael Jackson suka ji aikin Quincy, ko da ba su san sunansa ba. Sun yi aiki tare a fim ɗin The Wiz na 1978. Da Michael ya ce Quincy yake so ya shirya masa faifai, wasu a kamfanin Epic suka yi tirjiya, wai mutumin jaz ne, ba zai iya sa matasa rawa ba. Abin da ya fara yi ya nuna irin kunnensa. Michael ya tashi yana rera waƙa a can sama, da siririyar muryar yaro. Quincy ya sauko da matakin waƙoƙin ƙasa kaɗan don a ji namijin da ya girma, kuma muryar ta sami wurin juyawa. Ya ɗauko “She's Out of My Life”, waƙar rabuwa ta Tom Bahler wadda ya ajiye da niyyar kai wa Sinatra, ya ba yaro ɗan shekara 20. Duk ɗaukar da aka yi, Michael na kaiwa ƙarshe sai kuka ya ƙwace masa. Wani furodusan zai yi ta maimaitawa har a samu mai tsabta. Quincy ya ce a bar kukan, kuma yana nan a faifan Off the Wall na 1979 har yau.

Sai Thriller, a 1982. Waƙa tara ce a faifan, an tace su daga ɗaruruwa. Da aka tsayar da taran farko, Quincy bai tsaya yabon masu ƙarfi ba, sai ya nemo huɗun da suka fi rauni ya fitar, ya ce a kawo waɗanda za su fi sauran. Ta haka “Beat It” da “Human Nature” suka shigo. Ta biyun ma tsintuwa ce: 'yan ƙungiyar Toto sun aiko masa kaset na wasu waƙoƙi, kaset ya juya, sai ga wani ɗan gwaji na Steve Porcaro wanda ba a yi niyyar ya ji ba, kalmominsa ma ba su cika ba. Ya ji, ya ce ita yake so, ya sa John Bettis ya rubuta baitoci. Don “Beat It” kuma ya kira Eddie Van Halen, gwanin jita na kiɗan rok, wanda duniyarsa ba ta haɗa hanya da ta Michael ba, ya ba shi fili ya yi abin da ya ga dama.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu yabo kan tsallake. Ba Quincy ne ya rubuta kowane layi na Thriller da hannunsa ba. Jerry Hey ya tsara ƙahoni da goge a wurare da dama, Rod Temperton ya rubuta waƙoƙi uku, Bruce Swedien ya riƙe na'urorin ɗauka, shi kansa Michael ya zo da “Billie Jean” kusan a ƙere. To mene ne na Quincy? Sanin wanda zai kira, da sanin lokacin da zai ce ya isa. Yadda a da yake jera ƙahoni, yanzu mutane yake jerawa. Kuma faifan bai rasa tabo ba: wani yanki na waƙar farko an ɗauko shi ne daga “Soul Makossa” ta Manu Dibango na Kamaru ba tare da an nemi izininsa ba, sai da ya tayar da magana aka sasanta da shi. Mutumin da ya san kiɗan duniya kamar Quincy, bai kamata wannan ya wuce ta gabansa ba.

Labarin “Billie Jean” ya fi kowanne burge ni, domin gardama ce da gwanin ya faɗi. Waƙar tana buɗewa da ganga ita kaɗai, sai jitar bes ta shigo tana zagaye wuri ɗaya, sai wani amo mai laushi ya sauka a kai, kusan rabin minti babu murya. A lissafin gidan rediyo wannan ɓarnar lokaci ce, kuma Quincy ya so a datse. Michael ya ce wannan wurin ne ke sa shi rawa. Quincy ya auna: idan mai rawa irin wannan ya ce ga abin da ke motsa ƙafarsa, wa zai yi musu da shi? Ya janye. Swedien kuma ya haɗa sautin waƙar har sau 91 yana neman kammala, Quincy ya ce a koma a saurari na biyu, kuma shi aka fitar. Yakan ce a bar wa Ubangiji gurbin da zai ratsa ɗakin, wato kada shiri ya yi yawa har ya toshe ƙofar abin da ba a shirya ba. Mai shekara kusan 50, mai tarin lambobin yabo, ya yarda saurayi ya fi shi gaskiya a kan abin da ya shafi sana'arsa. Ba kowane babba ke iya wannan ba.

Da aka gama faifan Thriller aka saurara, sai jiki ya yi sanyi, sauti ya fito siriri ba ƙarfi. Dalilin na faifan garmaho ne: in waƙoƙi suka yi tsawo a fuska ɗaya, dole a matse layukan da allura ke bi, in an matse su kuma amo mai kauri ya gudu. Suka huta kwana biyu, suka dawo suna sake haɗa waƙa ɗaya a kowace rana, suna yanke abin da suke ƙauna, har da baiti guda daga “The Lady in My Life”. Faifan ya fito ranar 30 ga Nuwamba 1982, waƙoƙinsa bakwai suka shiga goman farko a Amurka, kuma babu faifan da aka sayar kamarsa a tarihi.

Ranar 28 ga Janairu 1985 Quincy ya tara mawaƙa sama da 40 a situdiyon A&M na Los Angeles don “We Are the World”, waƙar da Michael da Lionel Richie suka rubuta saboda yunwar Habasha, wadda ta tara fiye da dala miliyan 60. Dare ɗaya gare shi. An manna takarda a bakin ƙofa cewa kowa ya ajiye girman kansa a waje, kuma tun kafin su iso shi da Tom Bahler sun zauna sun raba layuka, sun san muryar da za ta bi wata: mai gurnani bayan mai laushi, mai tashi sama bayan mai zama ƙasa. Bob Dylan, da ya ga zaƙaƙuran mawaƙa sun kewaye shi, sai ya rikice yana ƙunƙuni, yana ƙoƙarin rera waƙa irin tasu. Quincy ya rage jama'ar ɗakin, Stevie Wonder ya zauna a piyano ya kwaikwayi muryar Dylan don ya tuna masa yadda shi kansa yake yi. Dylan ya rera da tasa muryar mai kaushi, ya gama yana shakkar abin da ya yi. Quincy ya rungume shi ya ce ta yi.

Wani aikin Quincy kuma ya zo a Montreux ta Suwizalan a Yulin 1991. Mai busa turampet Miles Davis ya yi shekaru yana ƙin waiwayar tsofaffin kiɗe-kiɗen da Gil Evans ya tsara masa tun shekarun 1950, Quincy ya yi ta lallashi har ya amince. Miles na fama da rashin lafiya, numfashinsa ba ya kai inda yake kaiwa a da. Sai aka tsayar da matashi Wallace Roney a gefensa da nasa turampet, ya san kowane layi, duk inda dattijon ya gaza ya ɗauka, inda ya ji ƙarfi ya sakar masa. Quincy na gaba yana jagorantar ƙungiyoyi biyu da aka haɗe wuri ɗaya. Miles ya busa fiye da yadda aka zata a daren, ya rasu a watan Satumba, faifan wasan kuma ya fito a 1993.