Karin Magana A Bangon Littafi

Marubutanmu sun daɗe suna aron zancen magabata su gina labari a kansa. To, amma ba kowane aro ya ke biyan bukata ba.

Dubi Magana Jari Ce, na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Imam bai tsaya yi mana wa'azi game da darajar magana ba. Sai ya kawo aku, tsuntsun da ba shi da takobi balle dukiya, ya sa shi yana tsare ɗan Sarki da labaru kullum dare, har makircin Waziri ya tonu, aku ya gaje wazirci. Watau labarin da kansa ya gaskata sunan.

Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, sunansa ya so ya yi masa ɓarna, gama tun daga bango mai karatu ya san Alhaji Abdu zai ga sakayyar korar Rabi. Abin da ya hana mu ajiye littafin shi ne yadda Rabi ta yi ta sayar da abinci tana ciyar da 'ya'yanta, wanda kuwa karin maganar bai ce kome a kansa ba.