Goman Jaha a Bisa Mizani

Duk shekara, idan kaka ta yi, aka ɗaure gero aka kai rumbu, sanyin hunturu ya fara sauka a kwarin Gulbin Maraɗi, akwai mas'ala guda da take mamaye hirar majalisu tun daga Jiratawa har Tibirin Gobir, wato su wane ne 'yan kokowa goma da za su ɗauki sunan jaha zuwa gasar takobin ƙasar Nijar, kuma ina matsayinsu in an jera su da goman Doso, da na Tawa, da na Damagaram. Mutane kan yanke hukunci tun ba a buga ganga ba: wani ya ce goman bana sun fi na bara ƙashi, wani ya ce yara ne, ba za su wuce kwana uku ba a zubar da su. Wannan hukunci da ake yi wa ƙarfin da bai riga ya bayyana ba, shi ne nake so mu duba asalinsa, domin kuwa aiki ne da muke yi da ido da zuciya kawai, alhali wata al'umma mai nisa ta mayar da shi fanni mai ƙa'idoji da alƙaluma.

Gasar takobi ta samo asali a 1975, a zamanin Seyni Kunce, sa'ad da aka tara ƙarfafan ƙasa a Tawa, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi yake amsa sunansa har yau. Tun daga lokacin gasar take zagayawa daga babban birnin wata jaha zuwa na wata, kuma a tsarin da aka saba da shi yanzu jahohi takwas ne, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace da mutum goma, jimla tamanin. Kowace jaha tana karawa da sauran bakwai, ana haɗa mutum da mutum ta hanyar ƙuri'a, ba a duba nauyi ba a duba shekaru, kuma duk wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da yake yana ci gaba da kokowa domin ƙara wa jaharsa yawan nasara.

Hanyar zaɓen goman nan kuwa a fili take, ba ta da wani sirri. Ana fara tankaɗe a ƙananan hukumomi, waɗanda suka tsira su hau zuwa gunduma, kamar yadda ɗan Jiratawa zai bi ta Madarumfa, ɗan Tibiri kuma ta Gidan Rumji, sa'an nan a tara zakarun gundumomi a babban fili a sake tacewa har a sami adadin da ake so, a killace su a sansani ana ciyar da su ana horar da su zuwa ranar tafiya. Falalar wannan hanya babba ce, kuma ba na son kowa ya raina ta: hujjarta shaidar gani ce, dubban mutane suna kallo, ba a tambayar ɗan wane ne kai, ba a tambayar takardar makaranta, ƙasa ce kaɗai take yin alƙalanci. Manomin da ya kwana yana ban ruwa a fadama zai iya tashi da safe ya kayar da wanda ake yi wa kiɗa shekara biyar, kuma babu mai ikon soke wannan kaye. Amma aibinta yana nan cikin falalar tata, domin abin da ta auna ƙarfin yini ɗaya ne. Yaron da zazzaɓi ya kama a daren jajibiri, ko wanda ƙuri'a ta haɗa shi da gwarzon jaha tun a karon farko, ko wanda ƙafarsa ta zame a kan yashi, ya koma gida ke nan sai baɗi, ba tare da an rubuta ko'ina cewa an ga alamar alheri a tattare da shi ba. Sau da yawa kuma kafin baɗin ya tafi cirani Kano ko Legas, kokowa ta rasa shi.

A Amurka akwai wasan da suke ji da shi kamar yadda muke ji da kokowa, wata irin ƙwallo da ake runguma a hannu a ruga da ita ana ture juna, kuma jami'o'i suna cikin manyan masu buga ta. Kowace shekara jami'a takan ɗebi samari ashirin da 'yan kai daga makarantun sakandare, ta ɗauke musu kuɗin karatu, kuma rukunin shekara guda shi ne ake aunawa a jera shi da na sauran jami'o'i tun yaran ba su taka filin jami'a ba. Kamfanoni ne suke wannan aiki, irin su Rivals da ESPN da 247Sports, wanda aka kafa a 2010, da On3 da ya biyo baya a 2021. Wakilansu suna bin yaro tun yana ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, suna kallon faifan wasanninsa, suna auna tsawonsa da nauyinsa da saurin gudunsa, suna lura da waɗanne jami'o'i ne suke zawarcinsa, sa'an nan su ba shi maki da taurari. A ma'aunin 247Sports, maki 80 zuwa 89 tauraro uku ne, 90 zuwa 97 tauraro huɗu, daga 98 zuwa sama tauraro biyar, kuma ba su cika ba da biyar ɗin ga fiye da yara 32 a shekara ba, daidai da adadin waɗanda ƙungiyoyin ƙwararru suke ɗauka a zagayen farko na zaɓensu. Akwai kuma maki na haɗaka, wanda ake samu ta tara ra'ayoyin kamfanonin a fitar da matsakaici, tamkar dai neman ijma'i inda fatawa ta saɓa.

Inda hikimar lissafin take shi ne wajen auna rukuni baki ɗaya. Da a ce tara maki kawai ake yi, da jami'ar da ta kwashi yara talatin masu matsakaicin hali ta rinjayi wadda ta ɗauki ashirin zaɓaɓɓu. Da kuma matsakaici kawai ake fitarwa, da wadda ta ɗauki gwanaye biyar ta tsaya nan ta zama ta farko, alhali mutum biyar ba su isa buga wasa ba. Saboda haka sai 247Sports ya jera yaran rukuni daga mafifici zuwa ƙasa, ya ƙirga makin na farko cikakke, na biyu a rage masa kaɗan, na uku a ƙara ragewa, haka rangwamen yake ƙaruwa har na can ƙarshe ba ya ƙara wa jimla sai abin da bai taka kara ya karya ba. Ma'anar wannan ita ce, gwani guda ya fi talakawan wasa da yawa, amma gwani shi kaɗai ba runduna ba ne.

Shin wannan awo yana faɗin gaskiya? A kan jama'a yana faɗi, a kan mutum ɗaya kuwa yana yawan kuskure. Wani marubucin wasanni mai suna Bud Elliott ya nuna cewa, fiye da shekara goma a jere, ba a sami jami'ar da ta ci kofin ƙasa ba face fiye da rabin yaran da ta ɗauka cikin shekaru huɗu masu tauraro huɗu ne ko biyar. Amma kuma jami'ar Texas A&M ta tara rukunin da aka ba shi makin da ba a taɓa ba wani ba a 2022, a waccan shekarar kuma ta ci wasa 5 ta faɗi 7; J.J. Watt, wanda ya zama ɗaya daga manyan masu tsaron baya na zamaninsa, tauraro biyu aka ba shi yana yaro. Baker Mayfield kuwa ya shiga jami'a ba tare da an ɗauke masa kuɗin karatu ba, ya zo ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2017. Malaman usulu sun riga sun raba mana tsakanin zanni da yaƙini, sun kuma halatta aiki da zanni mai rinjaye inda yaƙini ya gagara, da sharaɗin kada a ba shi hukuncin yaƙini. Laifin masu taurari yana bayyana ne a lokacin da suka manta da wannan sharaɗi, har yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya wayi gari ana yi masa kallon wanda ya riga ya gama, ko wanda ba zai taɓa farawa ba.

Mu ma muna da ma'auni biyu a gasar takobi, sai dai mun bar ɗaya ya haɗiye ɗayan. Akwai jerin jahohi bisa yawan nasarorin da goman suka tara cikin karawa bakwai, akwai kuma takobin da mutum ɗaya yake ɗauka tare da doki da rawani da kuɗi. Ka tambayi kowane yaro a tashar Maraɗi, zai faɗa maka Kantu, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, da Bindigau namu, zai kuma faɗa maka cewa Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi sau shida. Amma ka tambaye shi wace jaha ce ta fi yawan nasara a shekarar da ta wuce, da wuya ka sami jawabi. A ganina wannan zalunci ne ga mutum tara, kuma ɓata ne ga masu shiri, domin jerin jahohi shi ne yake nuna ko ƙasa tana haifar 'yan kokowa ko kuwa ta dogara ga ƙato ɗaya wanda ranar da gwiwarsa ta gaji za a ga tsiraicin filin. Takobi yana iya zuwa ta ƙuri'a mai sauƙi da sa'ar mako guda. Nasara hamsin cikin karawa saba'in ba ta zuwa sai in akwai ƙauyuka da ake kokowa a cikinsu da gaske.

Akwai kuma batun ƙaura, wanda ya dagula lissafi a can da nan. A Amurka, tun daga 2018 aka buɗe wa ɗan wasa rajistar neman sauya jami'a, daga 2021 kuma aka halatta masa karɓar kuɗi da sunansa, har ya zama rukunin da aka yaba bana yana iya watsewa baɗi. A wurinmu ma an sha ganin ɗan kokowa haifaffen wata jaha yana kare sunan wata, ko don can ya sami abin yi, ko don a gida layin ya yi masa tsawo. Ba na zarginsa, domin ƙarfin jiki jari ne mai ƙarewa da wuri, kuma mai iyali ba zai ci kirari ba; sai dai idan aka yaba wa jaha da nasarar da wani ƙauye mai nisa ya rena, to, mizanin ya auna aljihu, bai auna tarbiyya ba.

Abin da nake fata mu ara daga waɗancan mutane shi ne ɗabi'ar rubutawa, taurarin kuwa su riƙe abinsu. Magabatanmu na ilmi sun rubuta littattafan ɗabaƙoƙi, suka jera maza tsara bayan tsara, wane ya ɗauka daga wane, wane ya fi wane kiyayewa, kuma ba su yarda da shaidar mutum ɗaya a kan mutum ba sai sun bi tarihinsa. Kokowarmu tana da masana da suka kai wannan matsayi: tsofaffin 'yan kokowa, da makaɗa, da masu kirari, waɗanda in suka ga yadda yaro ya dasa ƙafa suka san abin da zai zama bayan shekara uku. Ilminsu yana cikin ƙirjinsu, yana kuma bin su kabari. Da kowace ƙaramar hukuma, a fara da Jiratawa da Tibiri, za ta ajiye kundi guda, a rubuta sunan kowane saurayi da ya shiga fili bayan kaka, da shekarunsa da nauyinsa, da wanda ya kayar da wanda ya kayar da shi, da ra'ayin dattawa uku da suka gani da idonsu, da a shekara ta uku masu zaɓen goma sun sami abin dubawa bayan tankaɗen yini ɗaya. Sai a bar gurbi takwas ga waɗanda suka ci a fili kamar yadda aka saba, a keɓe biyu ga matasan da kundin ya nuna suna hawa, a kai su sansani tare da manya ko da ba su ne za su fara shiga ba.