Gwanintar rubuta dokar da majalisa ba za ta iya zille mata ba

A kwanakin ƙarshe na zaman majalisar dokokin jihar Kalifoniya da ke birnin Sakramento, an daɗe ana wata dabara. Sai a ɗauko ƙudurin da ya riga ya tsallake kwamitoci, a kwashe duk abin da ke cikinsa, a cusa wani sabo da bai haɗa hanya da na farko ba, a bar masa lambarsa, sannan a kira ƙuri'a da tsakar dare. Wakili ya amince da abin da bai karanta ba, ɗan jarida bai gani ba, balle talakan da dokar za ta hau kansa. An sha kai ƙudurin gyara gaban majalisar, yana mutuwa a can, domin waɗanda ake nema su gyara su ne masu cin moriyar ɓarnar.

Sai dai jihar tana da wata ƙofa. Tun 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, lokacin da ake fafutukar karya ƙarfin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific a siyasar jihar, aka ba jama'a ikon rubuta doka da kansu, su tara sa hannu, a sa ta a takardar zaɓe. Ta wannan ƙofa Charles Munger ƙarami, masanin kimiyya kuma attajiri, da Sam Blakeslee, tsohon sanatan jihar, suka shigo da Ƙuduri na 54 a 2016. Abin da ya burge ni a aikinsu shi ne yadda aka tsara rubutun.

Mai rubuta irin wannan doka yana rubutu ne da sanin cewa waɗanda zai ɗaure sun fi kowa iya karanta doka, kuma suna da lauyoyi. Aikinsa irin na mai shinge gona ne a garin awaki: duk inda ya bar kafa, ta nan za a shiga. Saboda haka bai ce majalisa ta riƙa aiki a fili ba, maganar da kowane kakakin majalisa zai rantse yana cikawa. Ya nemi abin da ake ƙirgawa da agogo: kowane ƙuduri, da duk gyaran da aka yi masa, sai an buga shi, an raba wa wakilai, an ɗora a intanet awa 72 kafin ƙuri'ar ƙarshe. Ko an cika ko ba a cika ba, alƙali ba ya buƙatar sanin abin da ke zuciyar kowa.

Sannan ya sa wa dokar haƙora. Ƙudurin da aka zartar ba tare da cika wannan sharaɗi ba, ba zai zama doka ba. Babu tara, babu kwamitin bincike da za a cika da abokai. Wahalar da aka sha ce kawai za ta tashi a banza, kuma wannan ya fi tsorata ɗan siyasa.

Gwani kuma yakan tari hanzarin abokin hamayya tun kafin ya kawo shi. Za a ce, to idan girgizar ƙasa ta auku ko gobarar daji, sai a jira kwana uku? Sai aka bar ƙofa guda, ƙunƙuntacciya: gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya rubuto cewa jiran zai hana magance ta, kuma kashi biyu cikin uku na zauren su yarda. Za a ce kuɗi fa? Ƙudurin ya wajabta ɗaukar hoton bidiyo na duk zaman da ake yi a bainar jama'a, a ɗora shi cikin awa 24, a ajiye shi shekara 20, kuma kowa na iya ɗauka da wayarsa. Amma ya ce majalisa ta biya daga kasafinta. Mai biyan haraji bai da abin ƙi.

Babban zaɓin shi ne inda za a ajiye dokar. Dokar gama-gari tana buƙatar sa hannun kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen gwamna na baya, gyaran kundin tsarin mulki kuwa kashi 8, wanda a 2016 ya kama 585,407, cikin kwana 180. Munger da Blakeslee sun ɗauki hanya mai tsada, ta gyaran kundin. Darajar wannan ta bayyana a jihar Dakota ta Kudu, inda a ranar zaɓe guda da na Ƙuduri na 54 masu ƙuri'a suka amince da dokar yaƙi da cin hanci mai lamba 22, wadda ta haɗa hukumar ɗa'a da iyakance kyaututtukan masu kamun ƙafa da tallafin kamfe. Dokar gama-gari ce, kuma ta ɗauko kaya da yawa. Alƙali ya dakatar da ita a Disamba, majalisa ta soke ta a Fabrairun 2017, ta kuma maƙala wa sokewar sharaɗin gaggawa don kada a mayar da ita gaban jama'a.

Ba na ɓoye abin da ke damuna: Munger ya kashe sama da dala miliyan 10, kuma ƙofar da aka buɗe wa talaka ta koma sai mai kuɗi ke iya tura ta. Amma kuɗi ba su sayen rubutu mai tsafta. Ƙungiyoyin da ba su cika shan inuwa ɗaya ba, irin su League of Women Voters da Common Cause da ƙungiyar 'yan kasuwar jihar, sun goyi baya, duk da adawar jam'iyyar Dimokurat ta jihar, domin abin da aka nema ɗan kaɗan ne kuma a bayyane yake. A ranar 8 ga Nuwamba 2016 kimanin kashi 65 cikin ɗari suka amince.

Har yau ana kwashe cikin ƙuduri a sake masa kaya a Sakramento. Dokar ba ta hana wannan ba. Amma duk wanda ya yi hakan, dole ya ɗora sabon rubutun a intanet kwana uku kafin ƙuri'ar ƙarshe, inda kowa zai karanta.